Kada Ki Ce Mata Ta Rufe Ido

A wajen wani suna a Landover, kusa da Washington, ɗan Hajiya ya tare ni. An gama cin abinci, mata sun fara laluben takalmansu a bakin ƙofa, sai matar gidan ta ce min wani yana son ganina a waje. Na san shi sama-sama, injiniya ne ɗan Katsina, yana zaune da iyalinsa a Manassas. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara, sannan ya tsaya yana juya makullin mota a hannu. Da ƙyar ya ce ya ji aikina duba masu damuwa ne, kuma mahaifiyarsa ba ta jin daɗi.

A tsaye ya ba ni labarin, yana kallon motocin da ke wucewa. 'Yan bindiga ne suka tare motar hayar da take ciki a hanyarta ta zuwa biki, suka kora fasinjojin daji. Ta yi wata da watanni a hannunsu. Da Allah ya kuɓutar da ita sai ya ɗauko ta ya kawo ta nan don ta huta. Likitoci sun duba ta, ban da hawan jini ba su ga komai ba. Limamin masallacinsu ya zo ya yi mata addu'a, ta ɗan samu sauƙi. Amma ba ta barcin kirki, ba ta yarda ta ba ƙofa baya, kuma jikokinta sun fara gudunta, domin idan suka yi ihu cikin wasa sai ta damƙo su ta toshe musu baki.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kilinik a Beltsville. Nas ce ni tun daga Zariya. Da na zo ƙasar nan na koma makaranta na karanci ba da shawara ga masu damuwa, na samu lasisi. Masu zuwa wurina yawanci ma'aurata ne da zama ya yi wa tsami, da ɗalibai, da mata masu aikin kula da tsofaffi waɗanda gajiya ta cinye. A duk karatun da na yi, abin da aka koya mana a kan mutumin da ya ga bala'i da idonsa bai wuce babi guda ba, sai wata lacca da aka yi mana ana gab da tafiya hutu. Na san alamomin ciwon, na iya jero su a jarrabawa. Na ce masa ya kawo ta.

Hajiya doguwa ce, siririya, ta yi shekaru tana shugabar makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya. Ranar farko ta shigo da mayafinta fari tas, ta ƙare wa ofishin kallo, ta ja kujerar da na nuna mata ta juya ta yadda za ta riƙa ganin ƙofa. Mun daɗe muna gaisuwa. Ta tambayi 'yar wace unguwa ce ni, ta gyara min wata kalma da na faɗa ba daidai ba, ta ce Turanci ya fara cin harshena. Da na tambayi jikinta sai ta ce ita lafiyarta lau, ɗanta ne ya matsa, kuma abin da ya wuce ya wuce, Allah ya riga ya rubuta. Ban matsa mata ba. Ta sake zuwa, muka yi hirar makaranta da ta jikoki, har ta yi dariya sau ɗaya. Na koma gida ina ganin mun kama hanya.

A zuwanta na gaba ta amsa cewa ƙirjinta yana yi mata nauyi. Sai na ɗauko abin da na saba yi wa kowa, wanda kuma yake yi wa mutane da yawa amfani. Na ce ta jingina, ta rufe ido, ta ja numfashi a hankali, ta tuno wani wuri da hankalinta yake kwanciya. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai kuma ta bi umarnin, irin na wadda ta saba girmama aikin mutane. Ta rufe idon.

Lokacin bazara ne, taga a ɗan buɗe. Daidai nan masu gyaran harabar ginin suka tayar da injinan yankan ciyawa, biyu ko uku a tare, a ƙarƙashin tagar.

Ban ga lokacin da ta bar kujerar ba. Na dai ji an fizgi hannuna, sai ga ni a ƙasa a kan kafet, kumatuna a jikin ƙafar tebur, Hajiya ta kwanta rabi a kaina. Ƙarfin da ke hannun tsohuwar nan ban san daga ina ya zo ba. Idanunta a buɗe suke amma ba ni take gani ba.

"Kwanta, yarinya," ta ce cikin raɗa. "Kada ki ɗaga kai. Baburansu ne."

Na ce, "Mama, ni ce, muna ofis." Ban rufe baki ba ta danne min shi da tafin hannunta, har leɓena ya haɗu da haƙori.

A ƙarƙashin teburina akwai wani ɗan madanni ja. Ƙa'idar wurin ita ce, idan mara lafiya ya taɓa jikinka ka danna. Ina ganinsa daga inda nake kwance, hannuna na hagu zai kai. Amma na san wanda zai shigo idan na danna: maigadin ginin, ƙaton mutum mai kaki da bindiga a ƙugu. Bayansa motar asibiti, wataƙila da 'yan sanda, a ɗaure ta a gado a fita da ita ta gaban ɗanta. Idan kuma ban danna ba, ga mace mai hawan jini, ina jin bugun zuciyarta a bayana kamar ana dukan ganga. Nas ɗin da ke cikina tana lissafin abin da zai iya fashewa a kanta. Na laluba duk abin da na karanta, ban samu layi ɗaya da ya gaya min abin da ake yi a nan ba. Shin in bi ta a kan cewa muna daji, ko in ci gaba da musa mata? In riƙe ta, ko in janye jikina? Ban sani ba.

Sakatariyarmu ta ji faɗuwar kujera ta ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya ta ƙara matse ni. Ƙofar ta buɗe kaɗan, matar ta leƙo, ta ga abin da ta gani, ta ɗaga wayarta tana tambayata da ido ko ta kira agaji. Na girgiza mata yatsa, na yi mata alama ta tafi. Ta ja ƙofar. Na san ba za ta daɗe tana jira ba, kuma ɗan Hajiya yana zaune a ɗakin jira, bango ɗaya ne tsakaninmu.

Da na rasa abin yi sai na fara salati a cikin tafin hannunta, a hankali, don kaina ma ba don ita ba. Injinan suka zagaya bayan ginin, ƙarar ta yi nisa. Can sai na ji leɓenta yana motsi tare da nawa. Hannun ya sassauta. Ta ɗago ta dubi tebur, ta dubi fitilar sama, ta dube ni, ta ga jini a leɓena.

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta gyara mayafinta, ta ɗaga kujerar da kanta ta mayar inda take. Na auna jininta, ya hau amma bai kai na tafiya asibiti ba. Duk lokacin ba ta yarda mun haɗa ido ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "'Yata, don Allah kada ɗana ya ji. Ya isa haka." Daga ranar ba ta sake zuwa ba. Idan na kira sai ɗan ya ce ta ce ta warke.

Shugabata a kilinik wata dattijuwar Ba'amurkiya ce mai yawan shiru. Na zayyana mata komai a ranar. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko an ɗaure wa Hajiya ido a dajin. Na ce ban sani ba. Ta ce ita ma da a shekarunta na farko ne ba za ta yi tunanin tambaya ba, sai da ta yi aiki da tsofaffin sojoji ta koya, bayan ta yi ta tuntuɓe. Ta ce makarantu suna sallamar mu da sunan ciwo, ba sa koya mana zama da mai shi. Ba ta ce na yi daidai da na ƙi danna madannin ba, ba ta kuma ce na yi kuskure ba. Ta ce sa'a muka yi, kuma ba a gina aiki a kan sa'a. Ita ta nemo min wani kwas da ake yi ranakun Asabar a cikin Washington, na masu aiki da 'yan gudun hijira da waɗanda aka azabtar.

Malamar kwas ɗin 'yar ƙaramar mace ce mai furfura. Ranar farko ba ta fara da allo ba. Ta bar ƙofa a buɗe, ta tambayi kowannenmu inda yake son zama, ta ce mu lura da abin da ta yi. Wanda aka tsare, in ji ta, abin da aka fara ƙwace masa shi ne zaɓi, don haka duk abin da za ka yi da shi sai ka tambaya, ko da matsar da kujera ne. Ta koya mana kada mu yi gaggawar jin labari. Ta koya mana gane lokacin da mutum ya fara barin ɗakin alhali yana zaune, da yadda ake kiran sa ya dawo: ka faɗi sunanka, ka faɗi inda kuke da ranar da ake ciki, ka sa ya taka ƙasa da ƙarfi, ya taɓa abu mai sanyi, ya faɗi abin da idonsa yake gani. Muka yi ta gwadawa biyu-biyu har ya zauna mana a baki. Da aka zo kan rufe ido sai ta ce wannan ba a faɗa wa kowa shi sai an san abin da duhu yake nufi a wurinsa. Na sunkuyar da kai ina rubutu.

Akwai kuma abin da ban je nema ba. Ƙanena direba ne, yana bin hanyoyin nan na Funtuwa da Gusau. Tun ranar da Hajiya ta kwantar da ni na kama kiran sa ba dare ba rana, idan bai ɗauka ba sai in kasa cin abinci. A wani gwaji abokiyar zamana ta yi kamar mara lafiya, ni kuma na daskare na kasa cewa komai. Malamar ta ja ni gefe a lokacin hutu. Ta ce mai wannan aiki dole ya samu inda shi ma yake sauke kaya, balle wanda bala'in yake faruwa a ƙofar gidansu.

Duk da haka kwas ɗin bai ɗinke komai ba. Misalan wurin kwanciyar hankali da ke cikin takardunsu bakin teku ne da ƙaramin gida a tsakiyar daji. Na ɗaga hannu na ce mutanena daji aka kai su. Na ce a harshenmu idan na ce firgita ya yi kaɗan, idan na ce taɓin hankali na zagi mutum da danginsa. Na tambaya yadda zan gaya wa mace mai salla da azumi cewa tsoron da take ji ba raunin tawakkali ba ne. Malamar ta ce ba ta da amsa, kuma ba ta san wanda ya rubuta ta ba. Ta ce in na samo in dawo in koya musu.

Ganyen bishiyoyi ya fara ja, sanyi ya gabato, lokacin da ɗan Hajiya ya kira ni wata Asabar da hantsi. Hajiya ta ce gida za ta koma. Shi kuma ya ɗauke fasfonta ya ɓoye, don a ganinsa mayar da ita can kamar miƙa ta ne. Tun jiya ta shiga ɗaki ta haɗa jakarta, ba ta ci ba ta sha ba, ko maganin hawan jinin ta ƙi karɓa. Da ya je lallashi sai ta dube shi ta ce ashe shi ma ya iya tsare mutum. Na kira shugabata ta ba ni izinin zuwa gidan, ta ce in bar wayata a kunne. Hanyar Manassas a cunkushe take, na yi ta maimaita abin da aka koya min kamar mai shirin jarrabawa.

Na same shi a falo, matarsa ta kwashe yaran zuwa maƙwabta. Na ce ya zauna a nan. Na je ƙofar ɗakin na yi sallama, na faɗi ko ni wace ce, na ce idan ba ta son ganina zan koma. Ta ce in shigo.

Tana zaune a bakin gado, jakar a gabanta, ta rame fiye da yadda na san ta. Na tambaye ta in bar ƙofa a buɗe ko in rufe. Ta ce in bar ta. Na tambayi inda zan zauna, ta nuna min darduma kusa da taga. Na ajiye kofin ruwa mai ƙanƙara a tsakaninmu ban ce ta sha ba. Na ce ban zo jin labarin daji ba, kuma ban gaya wa ɗanta komai ba. Na ce abin da ya faru a ofis yana da bayani: jikin da ya daɗe yana gadin rai ba ya jin an ce an gama, ko da zuciya ta yarda da ƙaddara. Ba hauka ba ne, kuma ba ya rage wa mutum imani, kamar yadda tabon wuta ba ya nuna mutum bai yi haƙuri ba. Ta saurara tana kallon hannayenta. Ta ce a dajin, duk lokacin da za a sauya musu wuri, sai an ɗaure musu ido da tsumma.

Asabar ce, kuma a unguwannin nan Asabar ranar yankan ciyawa ce. Maƙwabcinsu ya ja igiyar injinsa.

Na ga abin yana zuwa. Kafaɗunta suka ɗaga, idon ya tsaya cak, hannunta ya fara laluben abin kamawa. Wannan karon bakina ya san abin faɗa. Ban taɓa ta ba, ban matsa kusa ba.

"Mama, ni ce 'yar Zariya. Yau Asabar, muna gidan ɗanki a Manassas. Ƙarar nan injin ciyawa ne. Taka kafet ɗin nan da ƙafarki, ki danna sosai. Ga kofi a gabanki, ɗauki ki ji sanyinsa."

Ba ta motsa ba. Na sake faɗa, da murya ɗaya, ban ɗaga ba ban sauke ba. Na sake. Numfashinta yana fita guntu-guntu, ina jin takun ɗanta ya taso daga falo, na ɗaga masa hannu ta ƙofar ya tsaya. Can yatsunta suka kai ga kofin. Na tambaye ta launin labulen, ta ce shuɗi, da wata murya kamar daga rijiya. Na ce idan ta ga dama ta zo ta ga mai injin da idonta. Ta miƙe tana dafa bango, ta tsaya a bayana ta leƙa.

"Wannan mai gajeren wandon?" ta ce.

Na ce shi ne. Ta daɗe tana kallonsa yana kai da kawowa a kan ciyawarsa. Sannan ta kai kofin baki ta shanye ruwan.

A ranar ta gaya min dalilin tafiyar, ban tambaya ba. A cikin waɗanda aka kama da su akwai wata ɗalibar kwalejin horon malamai. Tare suke kwana, Hajiya ce take rufe ta da zanenta idan masu gadin sun zo zagaye. Ranar da aka saki Hajiya ba a saki yarinyar ba. Ta yi mata alkawarin za ta je ta ga mahaifiyarta ta gaya mata tana raye, sai aka wuce da ita asibiti, daga nan filin jirgi. Ta ce kullum ta zauna cin abinci a gidan nan sai ta ga kamar ta ci amana. Ɗanta bai san da yarinyar ba, don duk lokacin da ta ɗauko zancen daji sai ya ce ta manta.

Da izininta na kira shi ya shigo, ta faɗa masa da bakinta. Ya durƙusa a gabanta. Daga baya a falo na ce masa tsoronsa gaskiya ne, ni ma ina da ɗan'uwa a kan hanyar, amma muddin fasfon yana hannunsa ba za ta warke a gidan nan ba. Ya ce idan ya ba ta kuma wani abu ya same ta fa? Na ce ba ni da tabbacin da zan ba shi. Ya shiga ɗakinsa ya daɗe, sannan ya fito da shi ya kai mata. Ta karɓa ta sa a jaka, ta ce a kawo mata maganinta da ɗan kunu.

Ba ta tafi a lokacin ba. Da fasfon ya dawo hannunta sai ta ce za ta tsaya ta ga bayan sanyi. Ta koma zuwa wurina, muka yi aiki a hankali, wani zuwan mu ci gaba, wani mu koma baya. Ɗan ya sa aka nemo gidan su yarinyar, Hajiya ta yi magana da uwar ta waya, suka yi kuka tare. Bayan azumi ta tafi. Yarinyar ta fito daga baya, ba ta magana da kowa, Hajiya ce take zuwa ta zauna da ita.

Kafin ta tafi na yi ta neman wanda zan miƙa ta gare shi a can. Da ƙyar na samu wata nas a babban asibitin garinsu, wadda ɗakin masu damuwa yake hannunta ita da wani likita da ke zuwa jefi-jefi. Ta ce min waɗanda aka sako daga daji suna zuwa mata kullum, maza da mata, abin da take da shi kawai maganin barci ne da ban haƙuri. Ba a taɓa tura ta wani horo a kan wannan ba. Yanzu duk Lahadi bayan na sallami yara muna waya da ita, in gaya mata abin da na koya, ita kuma ta gaya min kalmomin da mutanen suke amfani da su da bakinsu, waɗanda ba ni da su. Layin yana yawan yankewa. A makon da ya wuce ta ce ta kawo wasu abokan aikinta biyu su saurara, sun matso da benci kusa da wayar, in ɗaga murya.